Karfasar Mai Gilashi

Mai Gilashi ake ce masa, ko da yake rabonsa da yanka wa wani gilashin taga an jima. A zamaninsa, in ya ja layi da abin yanka ya ɗan ƙwanƙwasa da bayan yatsa, sai gilashi ya rabe kamar da ma jira yake. Rawar hannu ce ta raba shi da sana'ar. Matarsa ta rasu, shagon ya koma hannun wani mai facin taya, shi kuma ya tare a ɗakin baya na gidan hayar ɗansa, daga shi sai katifa sai akwatin kifin da ya haɗa da hannunsa.

Akwatin gilashi ne, ya kusa cinye rabin bangon ɗakin. Akwai ƙananan kifaye masu jan wutsiya a ciki, da wani baƙi mai gashin baki da ke wuni yana lasar gilashi, da wasu manya biyu marasa mutunci, sai wata 'yar karfasa ruwan ɗorawa da yake kira Gwaggo.

Wata safiya Gwaggo ta ƙi abinci, ƙasan bakinta ya kumbura. Matar ɗansa ta shigo da shayi, ta leƙa.

"Baba, Gwaggo ciwon haƙori take yi?"

"Ƙwai ne a bakinta, 'yata. Irinsu a baki suke goyo. Ba ta ƙara cin komai sai sun ƙyanƙyashe sun yi ƙwari."

"Tabɗi! Allah ya sauke ta lafiya. Ni da tuni na haɗiye su na sha ruwa."

Manyan nan biyu suka sa ta a gaba, suna kora suna cizo, har ta rame ta laɓe bayan dutse. Ya ga ba makawa sai an raba mata waje. Ya ɗauko ragowar gilashi daga ƙarƙashin gado, ya durƙusa a kan siminti. Layin farko ya karkace, gilashin ya tarwatse. Na biyu ya tsaga masa tafin hannu. Matar ɗan ta ɗaure masa da tsumma tana faɗa, yana cewa, "Bar ni, ai jinina ya saba." Na uku ya fito a gicciye, baki duk zarto, amma ya shiga akwatin ya tsaya, ya raba Gwaggo da sauran kifayen.

Da lokaci ya yi, Gwaggo ta buɗe baki, 'ya'yan suka watsu, ƙanana kamar gashin ido. Inuwa na giftawa sai su ruga su koma ciki. Yakan murƙushe musu abinci tsakanin yatsu har ya zama gari. In an ɗauke wuta injin da ke hura wa ruwan iska ya tsaya, sai ya zauna da kofi yana ɗiban ruwan yana tsiyayawa daga sama, rabi a akwati rabi a cinyarsa.

Ana cikin haka aka sayar da gidan. Wanda ya saya ya ce rushewa zai yi. Ranar tashi, tsohon ya tare ɗansa a ƙofa.

"Ka roƙa mana a ɗan ƙara mana lokaci. 'Ya'yan Gwaggo ba su isa tafiya ba."

"Baba, na roƙa har na gaji. Ga mota can a waje, direba sai hon yake."

Tsohon ya kwashe sauran kifayen a bokiti, ya ajiye wa Gwaggo wata roba daban. Amma hannunsa ya kasa kamo ta, ragar sai kaɗawa take cikin ruwa. Ɗan ya karɓa, ya cafko ta da 'ya'yan a bakinta, ya jefa ta a bokitin da ya fi kusa. Don tsoro ta amayar da su gaba ɗaya. Kafin tsohon ya sunkuya, manyan nan sun hau su. Ya tsoma hannun mai ciwo yana kora, ruwa ya yi ja, bai tsirar da komai ba sai 'yan tsiraru da suka maƙale a tsumman.

Bai yi faɗa ba. Ɗan ya ce, "Baba, ban sani ba." Tsohon ya ce, "Na sani. Ɗauki katifar."

Akwatin kuwa, a matakalar sabon gidan ya tsage daga sama har ƙasa. Gidan ba ɗakin baya, a falo aka shimfiɗa masa. Kifayen suka zauna a bahon wanki kusa da ƙofar banɗaki, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe matar ɗan takan riga shi tashi ta tsame gawar kafin ya gani, shi kuma yakan duba bahon ya yi shiru, don kada ta san ya lura.

Daga baya rawar ta kai ƙafafu, ya daina saukowa ƙasa. A falon nan ya cika, da rana tsaka, ɗan yana wurin aiki. Bayan an share makoki, ɗan ya zuba Gwaggo da 'ya'yanta da suka rage a leda, ya kai wa wani mai sayar da kifin ado a bakin titi. Mutumin ya ɗaga ledar ya duba, ya ce sun rame amma za su tashi, ya juye su cikin babban akwatinsa tare da sauran.