Askin Karen Likita

Ban taɓa ganin halitta irin karen nan ba, har yau kuwa. Fari fat, bai kai ɗan akuya ba, gashi ya rufe shi ruf sai idanu da baƙin hanci, jela ta naɗe bisa baya. In ya kwanta sai ka rantse kwandon auduga aka kifar. Na wata likita ne 'yar Kudu da nake tuƙawa a Anka, shekarun da gubar dalma ke cin yara a Bagega. Kullum yamma sai ta taje shi da matajinsa na kansa. Kare da mataji! Ni da nake mutum ba ni da shi.

Da aka kira ta gida jinyar mahaifinta, ta ɗora min shi a hannu tana hawaye, ta ce amana. Na kai shi gidanmu. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wanga kare na ko tunkiya? Kada shi kuskura shi taɓa man ƙwarya."

Bazara ta kankama, ya dinga haki, harshe a waje. Tausayi ya kama ni. Mu nan in zafi ya dami yaro, wanzami ake kira. Wanzamin unguwarmu ya ce askar da ke hawa kan mutane ba za ta hau kare ba. Na ce ya riƙe tsiyarsa, na aro almakashin tela na yi masa ƙwal da kaina, ina ta yabon dabarata.

Subhanallahi! Abin da ya fito daga cikin gashin bai fi gafiya ba, fata ja-ja kamar ta jariri. Kwana biyu rana ta ƙone masa baya, ƙudaje suka sa shi gaba, ya shige ƙarƙashin rumbu ya daina cin abinci. Na buga wa likita waya. Ta ce gashin nan hawa biyu ne, shi ke tare masa rana, shi ke tare ƙwari. Ashe rumfa Allah ya kafa masa, ni da wayona na rushe. In ya mutu, da wane ido zan kalle ta?

Rana ta uku na dawo da azahar ban same shi ƙarƙashin rumbu ba. Na zagaya bayan ɗaki, sai ga Inna zaune a inuwa, shi kwance bisa tsohon zanenta, tana shafa masa man kaɗe da hannunta. Inna! Na tsaya baki buɗe.

"Mi kake kallo?" in ji ta. "Baƙo na, kuma kai ka tsiraita shi."

Ta tashi ta wanke hannu sau bakwai ta yi alwala. Da yamma ta sake, washegari ma haka, har ya fara lasar fura.

Sai da damina ta yi nisa gashin ya dawo, ban da wani ɗan wuri a gadon baya da ya ƙi fitowa. Ranar da likita ta zo ɗaukarsa ta sa yatsa a wurin, ta dube ni. Inna kuwa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa sallama. Muna bakin ƙofa ta miƙo gwangwanin man kaɗen ta bayan labule.

"Gaya mata safe da marece na. Kada ta manta."