A Yanke Isuhu Tela

Ban taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa jawo mini ajali a kasuwar wani ƙauye da ke gaba da Tudun Wada ba. Ban zagi kowa ba, ban yi wa kowa ƙarya ba. Hausar ofis kawai na yi. Ku da kuka shigo gidan rediyon nan jiya-jiya, kuna ganin ina muku faɗa a kan gaida mai gari kuna cewa tsufa ne ya kama ni, to ku zauna ku ji dalili.

A lokacin ina mai ɗauko muryoyi a sashen shirye-shirye. Muna da wani shiri na ranar Asabar, rabin awa, inda masu kallon fina-finan Hausa suke faɗin ra'ayinsu. Shugabar shirin Hajiya Rabi ce, amma duk sashen Oga muke ce mata, haka ma na ajiye lambarta a wayata. Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. In za ka fita ƙauye sai ka karɓi takarda daga ofis, in ka isa ka fara zuwa ƙofar mai gari ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka. In ka kunna rikoda kuma, kafin mutum ya fara magana, kai ne za ka faɗi rana da wuri da sunansa, don kada mai tace muryoyi ya haɗa Audu da Garba.

Sai ku riƙe kalmomi biyu. A wurinmu in an naɗi muryar mutum sai mu ce an ɗauke shi. In maganarsa ta yi tsawo za a cire wani sashe, sai mu ce a yanke shi. Kullum haka muke faɗa har kunnenmu ya daina jin nauyinsu.

Fim ɗin da aka tura ni a kansa na leƙen asiri ne, kuma ya tayar da ƙura a shekarar. Jarumin mutum ne da aka saba gani yana murmushi yana zuwa zance da mota mai sheƙi. Sai ga shi a wannan fim ɗin ya fito a jami'in sirri da ya shige cikin masu garkuwa da mutane. Don kada su gane shi, shi ne yake shiga ƙauyuka da shigar baƙo mai fara'a, ya zauna a kasuwa, ya rubuta sunaye a wani ɗan littafi. Duk wanda ya rubuta, kwana biyu sai a neme shi a rasa. Masu tura fim a waya sun baza shi ko'ina. A garin Ƙofa na samu samari sun rabu biyu, wasu suna cewa jarumin bai taɓa yin wasa kamar wannan ba, wasu suna cewa ya zubar da mutuncinsa. A garin Ba'awa wata mai sayar da awara ta ce min ita ta goge hotonsa daga wayarta, don ko murmushinsa ta gani gabanta faɗuwa yake.

Ranar Alhamis, ana tsakiyar kakar masara, na nufi wajen Doguwa. Motar ta ɓata mana lokaci a hanya, ban sauka a ƙauyen ba sai bayan azahar. Ranar kasuwa ce, ina so in gama in kama motar komawa. Na ce a raina, zuwa ƙofar mai gari zai ci min awa guda, a kawo ruwa, a tambayi mutanen Kano, a tambayi damina. Sai na wuce kai-tsaye cikin kasuwa.

Na samu mutum biyar a shagon wani tela mai suna Isuhu. Dukansu sun ga fim ɗin. Huɗu suka yi magana a taƙaice, shi kuwa Isuhu da ya riƙe bakin rikodar sai da ya yi minti goma sha ɗaya. Gaskiya rabin hankalina yana kan agogo. Da ya gama ya rufe shago ya ce zai leƙa gida ya ci abinci, ni kuma na zauna a bencin wani mai rake, na fito da littafina na rubuta sunayen da abin da za a yi wa kowace murya. Sannan na kira Oga. Sabis ɗin wurin ba shi da ƙarfi, dole na ɗaga murya.

Na ce, "Oga, na ɗauki mutum biyar a nan, gobe in ɗauki na Doguwa. Akwai wani tela, Isuhu, shi dai yanke shi za mu yi, ya cika surutu."

Wayar ta katse. Da na ɗago kai sai na ga mai raken ya tsaya da wuƙarsa a hannu yana kallona, raken da yake ferewa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ya ja da baya, ya shige cikin mutane. Har ga Allah ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da shan rakena.

Ba a yi minti biyar ba na ji an dafa kafaɗata. Wani dogon mutum ne da bindiga ƙirar gida a rataye, bayansa mutum uku da gorori. Daga baya na san sunansa Ɗanlami, shi ne shugaban 'yan sa-kai na garin.

Ya ce, "Malam, tashi. Ba ni littafin nan da wayar."

Na yi dariyar yaƙe na zaro katin aikina. Ya duba gaba ya duba baya, ya ce, "Shi ma na fim ɗin yana da kati."

Kasuwar ta yi tsit daga inda muke, shirun yana yaɗuwa rumfa-rumfa. Na ji wani daga baya ya ce infoma ne, wato mai kai wa 'yan daji labari. Na ji kalmar ta koma bakin wani, ta koma bakin wani. Wata tsohuwa ta fara tattara kayan miyarta tana salati. Wani ya ce a gama da shi a nan. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne ban gaya wa matata sunan garin da zan je ba.

Ɗanlami ya ɗaga hannu ya ce ba wanda zai taɓa ni sai Mai Gari ya gan ni. Suka sa ni a tsakiya. Tafiyar ba ta da nisa, amma jama'a na ƙaruwa a bayanmu, wani dutse ya wuce ta gefen kunnena ya daki bayan ɗaya daga cikin masu gorar.

Mai Gari dattijo ne siriri, yana zaune a kan buzu a zaurensa. Na zube na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin rediyo ne, ga takardata."

Bai karɓa ba. Ya ce, "Takardar da aka rubuto mini, sai yanzu take zuwa hannuna? Tun yaushe kake cikin garin nan?"

Na ce tun bayan azahar. Ya juya ga Ɗanlami. Ɗanlami ya buɗe littafin a shafin ƙarshe, ya bi da yatsa yana karantawa a hankali: "Sale Faci, an ɗauka. Malam Hudu, an ɗauka. Isuhu Tela, a yanke." Ya ɗaga wayar ya ce, "Wanda ya kira kuma, Oga aka rubuta. Wane ne Oga?"

Na yi bayani, amma ni kaina na ji yadda yake fita. Ina ta maimaita cewa murya ce ake yankewa. Na roƙa a kira lambar. Aka kira sau uku, ba sabis. Sai na ce a kunna rikodar, ai ita za ta wanke ni. Na manta da ƙa'idarmu. Abu na farko da ya fito muryata ce, a natse, tana cewa: "Alhamis, cikin kasuwa, mutum biyar. Isuhu Tela, shagonsa na jikin masallaci."

Waɗanda suka cika ƙofar zauren suka ɗauki hayaniya. Na kalli Ɗanlami na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wata biyu ke nan wani baƙo ya zo sayen masara. Ya yi ta tambayar gidan wane ne wannan, gonar wane ce waccan. Ya ci abinci a gidanmu. Sati guda bayan nan aka zo aka tafi da ƙanena. Har yau ba mu gan shi ba."

Mai Gari ya sa aka tsayar da rikodar, ya aika a kira Isuhu.

Jiran nan shi ne mafi tsawo a rayuwata. Ina durƙushe ina jin mutanen waje suna gardamar abin da za a yi da ni. Na karanta duk addu'ar da na sani, wasu na fara su ban iya ƙarasawa ba.

Isuhu ya shigo da awon ɗinki a rataye a wuya, hannunsa ko wankewa bai gama ba. Aka nuna masa sunansa. Na ga fuskarsa ta canza, ya kalle ni kallon da ba na so in sake gani. Mutumin da muka gama raha da shi ɗazu ya matsa gefe don kada rigarsa ta taɓa ni.

Na ce, "Malam Isuhu, don girman Allah buɗe shafukan baya."

Ya karɓi littafin daga hannun Ɗanlami. Ya buɗe shafin Ƙofa, ya buɗe na Ba'awa, leɓensa na motsi. Sai ya karanta a fili: "A yanke kukan akuya. A yanke ƙarar injin niƙa. A yanke tarin mai awara." Ya sake buɗe wani. "A yanke inda babur ya wuce."

Ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan irin yankana ne. Yadda nake rage yadi in ya yi yawa, haka yake rage magana. Ba wanda zai turo ɗan aike ya yanka ƙarar injin niƙa."

Wani a bakin ƙofa ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Mai Gari ya ce a kunna maganar Isuhu gaba ɗaya, kowa ya ji. Muka zauna muka saurari minti goma sha ɗayan nan. Ya yabi jarumin, ya ce ko ɗaga girarsa wasa ne. Ya soki rigar da aka ɗinka wa jarumin a fim ɗin. Can wajen ƙarshe sai muryarsa ta sauka, ya ce: "Amma ni abin da ya dame ni, su a birni kallo suka yi suka tashi. Mu nan kusa da daji muke kwana. Tun da fim ɗin nan ya shigo wayoyin mutane, duk baƙon da ya yi murmushi ya fito da biro sai a fara kallonsa. Ina tsoron wata rana a kashe bawan Allah a banza."

Rikodar ta tsaya. Isuhu ya juyo ya ce, "To Malam, a ciki wane wuri za ka yanke?"

Na so in ce maganar rigar. Amma na gaji da tsoro, kuma ƙarya ba ta fito ba. Na ce, "Wannan na ƙarshen. Na ga shirin nishaɗi ne, na ga ya yi nauyi."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ka yar da rigar ke nan ka riƙe ƙyallen."

Mai Gari ya miƙo hannu, sai a lokacin ya karɓi takardata. Ya sa aka kawo min ruwa na sha. Ɗanlami da kansa ya raka ni tasha, yana gaba ina baya, mutane na darewa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ga dalilin da zai ba ni ba. Da zan shiga mota ya miƙo min littafin ya ce, "Da ka fara zuwa zaure, da ni zan zaga da kai kasuwar."

Washegari Oga ta saurari muryar Isuhu ta ce, "Nafi'u, minti goma sha ɗaya a shirin rabin awa? Ka san ba a yi." Na ba ta labari tun daga bencin mai rake. Ba ta katse ni ba. Ranar Asabar muka sa shi gaba ɗaya, har da sukar rigar.

Abin da na koya shi ne, mu masu aikin nan mukan shiga gari da gaggawarmu da Hausarmu, mu manta mutanen da muka tarar suna ɗauke da abin da ba su gaya mana ba. Ba mugunta ce ta tara su a ƙofar zauren nan ba, kowannensu akwai wanda yake jira ya dawo gida. Shi ya sa tun daga ranar in na rubuta sai in ce a rage, in na yi waya sai in ce na naɗi murya, kuma ko ruwan sama ake zubawa sai na fara durƙusawa a gaban mai gari. In kun zauna tace murya kuma, kafin ku cire inda mutum ya sauke murya ya yi nauyi, ku sake saurara. Ni wurin da na yi wa alamar yankewa, maganata ake yi a ciki.