Kawu Sayibu da Tikitin Hamburg

Kawu Sayibu ƙanen mahaifiyata ne. Kafin ya fara yankar wa mutane tikitin jirgi a unguwar Nima ta nan Ghana, ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, kuma duk abin da ya sani game da duniya a can ya koyo shi. A kasuwar nan, in ji shi, birki ɗaya farashinsa ya dogara da bakin mai tambaya. Wanda ya zo da harshen Twi akwai nasa, mai harshen Ga akwai nasa, mai Hausa akwai nasa. Wanda kuwa ya shigo da Turanci yana kaɗa makullin mota a yatsa, wannan sai dai a yi masa addu'a.

Da bayansa ya gaji da ɗaukar injin, sai ya kama ɗan shagon kwantena kusa da babbar kwatar Nima, ya sa kwamfuta da injin buga takardu da fanka. Ni kuma da na gama jami'a a Legon ina jiran aiki, a can nake zama da safe saboda fankar da intanet. Kujerata tana bayan ƙofa. Yawancin masu shigowa ba sa lura da ni, kuma hakan ya fi mini.

Wata rana yana duba wa wani ɗan kasuwa kuɗin jirgi zuwa Istanbul, hannunsa ya taɓa wata 'yar tuta a saman shafin. Nan take rubutun ya koma harshen Turkiyya, kuɗin ma ya koma nasu. Da ya lissafa a sidi, kuɗinmu na Ghana, sai ya ga jirgi ɗaya, rana ɗaya, amma ya fi sauƙi. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya juyo ya ce mini ashe mutanen nan ma 'yan Abossey Okai ne.

Tun daga ranar bai sake shiga shafin tafiye-tafiye a matsayin ɗan Ghana ba. Yau ɗan Poland ne, gobe ɗan Indiya. Ba ya jin ko ɗaya daga cikin harsunan, amma ya haddace inda kowane maɓalli yake, kamar yadda yake gane kusoshin mota da hannu ba tare da ya duba ba. Wani lokaci dabarar tana ci, wani lokaci ba ta ci, amma sau nawa ta ci ya isa sunansa ya kai har unguwar Maamobi.

Bai yarda da ƙaramin idon kyamarar da ke saman kwamfutar ba. Ya ce mai kaya yana fara kallon takalminka kafin ya buɗe baki. Don haka in zai shiga shafin Turkiyya sai ya sa jar dara. In na Norway ne, akwai wata ƙatuwar rigar sanyi ta gwanjo da ya rataye a ƙusa, sai ya zura ta ya ja zif har wuya, ya kashe fanka don kada a ji ƙararta. Na taɓa ce masa zai iya liƙe kyamarar da takarda kawai. Ya ce wanda ya rufe fuska a kasuwa ɓarawo ake ɗaukarsa.

Babban makaminsa kuwa shi ne tafiya. In farashi ya fito, sai ya yi tsaki yadda kwamfutar za ta ji, ya rufe shafin, ya fita waje ya sayi koko da ƙosai. Abin da ya ƙara ɗaure masa gindi shi ne, sau da yawa bayan 'yan sa'o'i saƙon imel yakan shigo, yana tambaya ko har yanzu yana son tafiyar. Sai ya nuna wa duk wanda ke shagon, ya ce ga shi sun biyo shi har bakin titi.

A haka Hajiya Maiturare ta kawo masa nata aikin. Ita ce mai haɗa turaren wuta da humra a lungunmu, iyayenta daga Damagaram suka zo, kuma har yau Hausarta ba ta gauraya da komai ba. 'Yarta ɗaya ce a duniya, Ikilima, tana aure a Hamburg, ga cikin fari ya tsufa. Hajiya ta samu biza, abin da ya rage tikiti ne. Ta gaya wa Kawu cewa ita ba yawon buɗe ido za ta ba, wankan jego za ta yi wa 'yarta. In aka haihu ba ta nan, ba wanda zai dafa wa yarinyar ruwa, ba wanda zai dama mata kunun kanwa, kuma ita ba za ta iya ɗaga kai a cikin matan Nima ba.

Kawu ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya buɗe shafin Jamus, farashi ya fito, ya yi tsaki ya tafi shan koko. Washegari saƙo ya zo kamar yadda aka saba. Ya koma, sai ya tarar farashin ya ɗan hau. Ya ce gwada shi suke yi, ya sake tafiya. Ya shiga ta Norway da rigar sanyi har gumi ya jiƙa kujera, ya shiga ta Indiya, ya shiga ta wata ƙasa da ni kaina sai da na nemi tutarta. Ko'ina farashin hawa yake yi, domin ranar tana matsowa kujeru suna ƙarewa. Na faɗa masa haka sau ɗaya a hankali. Ya ce duk mai kaya haka yake cewa, saura ɗaya ya rage.

Hajiya ta fara zuwa kullum da safe tana zama a kan benci da carbinta. Ba ta faɗa. Ƙamshin turarenta kawai yake cika kwantenar har ya danne warin kwata, Kawu kuma yana ta danne-danne yana share goshi. Ranar da Ikilima ta kira ta ce likita ya ce ko yaushe a mako mai zuwa, Hajiya ta ajiye carbin a cinya.

"Sayibu, jikan nawa ba ya ciniki. In lokacinsa ya yi fitowa zai yi."

"Hajiya, saura kaɗan su karye. Na san irinsu."

"To ko su karye yau, ko in aiko maka da matan lungu gobe su taya ka zama."

Duk wanda ya san matan lungunmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kawu ya shiga neman tutocin da bai taɓa kulawa ba, na maƙwabta, waɗanda a da yake cewa su ma neman ragi suke yi kamar mu. Ya danna ta Togo, shafin ya koma Faransanci. Bai ma san kayan da zai sa ba, sai ya cire hularsa kawai. Ya rubuta Hamburg a inda ya saba rubutawa, farashi ya fito ƙasa da duk abin da ya gani a makonnin nan. A karo na farko a rayuwarsa bai yi tsaki ba, bai fita ba. Ya biya nan take, ya buga takardar, ya ninke ta ya miƙa wa Hajiya da hannu biyu. Ranar har ni aka saya wa lemo.

A Nima ba a tafiya Turai ba rakiya. Filin jirgin yana nan kusa da mu, jirage ta saman rufinmu suke wucewa, amma duk da haka sai an ɗauki mota an cika ta. An kama trotro, wato bas ɗin haya, na Abdul-Mumin, wanda ya yarda ya ajiye su ya koma layinsa na unguwar Malam. Jirgin na yamma ne, amma aka shirya fita da hantsi don a samu lokacin hotuna. Mata suka ci ado, wasu suka bar tukunya a wuta suka ce yanzu za su dawo. Aka loda akwatuna masu kanwa da gero da yaji da daddawa da turare.

Hajiya tana gaban mota ta miƙo mini takardar ta taga, ta ce in duba mata ƙarfe nawa daidai za a rufe ƙofa, tunda an kashe kuɗi na yi boko. Na duba lokacin, sannan idona ya sauka a kan garin tashi. Shafin Togo ya cika wannan gurbin da kansa, da garin mutanensa, Kawu kuma cikin murna bai canza ba. Na matsa kusa da shi na ce, "Kawu, daga Lome jirgin zai tashi."

Ya karɓi takardar ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya juya bayanta. Sannan ya ce da ma ya yi mamakin arahar. Hajiya ta ji komai. Ba ta dube shi ba, Abdul-Mumin ta tambaya ko motarsa tana kai Aflao, bakin iyaka. Ya ce tana kaiwa in an yi mata magana mai daɗi. Ta ce to ya fara yi mata.

Ba wadda ta sauka. Wasu ba su gane abin da ake ciki ba sai da muka wuce mahaɗar filin jirgi muka miƙi hanyar Tema. Daga nan motar ta cika da waya, kowa tana kiran gida a sauke tukunya, a kwashe shanya, a gaya wa maigida ya ci abinci a waje. Kawu yana kujerar yaron mota a takure, duk wadda ta gama wayarta sai ta juyo kansa. Wata ta tambaye shi ko in ya tashi zuwa Makka ta Abidjan zai bi. Wata ta ce a gode Allah bai danna tutar Caina ba. A gadar Sogakope masu talla suka rufe tagogi, matan suka saya wa kowa burodi da soyayyen kifi, aka hana shi har sai da Hajiya ta ce a ba shi, tana buƙatar ƙarfinsa.

A Aflao aka gane cewa wadda ta fito rakiyar minti goma ba ta ɗauko katin ɗan ƙasa ba. Mu uku kawai muke da shi, Hajiya da Kawu da ni. A nan aka yi sallama, tsakanin 'yan canji da masu dako, mata cikin leshi suna hawaye suna ɗaukar hoto a gaban wani shagon taya. Kawu ya ɗora babban akwatin a kai, da ciwon bayan nasa, muka ƙetare da ƙafa.

A ɗaya ɓangaren wani mai tasi ya faɗi kuɗinsa zuwa filin jirgi. Na ga leɓen Kawu ya haɗu zai yi tsaki, na ga ƙafarsa ta fara juyawa da kanta. Hajiya ta riga ta shiga ta zauna. Ta leƙo ta ce, "Sayibu, in ka tafi wannan ba zai aiko maka da saƙo ba." Ya sa akwatin a but ya shigo.

Mun isa ana shirin rufe wurin awon kaya. Wata ma'aikaciya ta kama hannun Hajiya ta wuce da ita, ko waiwaye ba ta samu ta yi ba. Ni da Kawu muka tsaya a waje har muka ga wani jirgi ya tashi, muka yanke cewa nata ne.

Ikilima ta haihu 'yan kwanaki bayan saukarta, mace. Hajiya ta turo wa matan lungu hoton wata ƙatuwar tukunya tana tafasa a kicin ɗin Jamus, da labarin cewa turarenta ya tayar da ƙararrawar gobara ta gidan har maƙwabta sun fito, amma mai jego tana shan kunu tana samun ƙarfi. Saƙon muryarta na ƙarshe Kawu ta turo wa, ya kunna shi a shago ina bayan ƙofa. Ta ce Ikilima ta karanta mata sauran takardar, ta ji dawowar ma a Lome za a sauke ta. Ta ce ba ta son rakiya ko tarba, shi kaɗai zai zo, kuma ya zo da gammo, domin akwatunan sun ƙaru.