Shuɗiyar Kular da Na Cika da Hannuna

Ni dai bakina ne ya ja mini. Shekarar da na sa 'yata a makarantar Kiristocin nan ta Doha, iyaye mata suka zauna kan abincin Kirsimeti. Wata ta kawo shinkafa a ɗanɗana, na ce wannan ai ko a gidan makoki sai an yi ta lallashin mutane kafin su ci. Shi ke nan suka ɗora mini tukunya. Tun daga nan kowace Disamba ni ce a bakin wuta, in taso daga asibitin da nake aikin nas ƙafafuna a kumbure, in zarce kicin ɗin makaranta.

Tsarinmu shi ne a dafa, a zuba a kuloli, a kai wa iyalan da shekara ta yi wa nauyi. Mai kaiwa za ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta juya kafin a buɗe. Mai dafawa ba ta sanin gidan wa za a kai. Shugabar iyaye mata ce ke tsara wannan, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da kowa ke kira Mama.

To a shekarar da nake ba da labari, mu ma ta yi mana nauyi. Kamfanin da mijina ke gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya tsaya cak. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, bai sake shi ya nemi wani wuri ba, bai kuma ce ya koma gida ba. Ga mu nan dai, ba gaba ba baya. Muka kwashe kaya daga gidanmu na Mu'aither muka koma ɗaki ɗaya a Najma, a wani bene cike da leburori, kicin da banɗaki duk na haɗaka. Na ja kunnen 'yata kada ta kuskura ta faɗa wa kowa. Ni da nake zuba wa mutane, a wayi gari ni ake zuba wa? Allah ya kiyaye.

Barin aikin sa-kan kuma ba zai yiwu ba, don ranar da ban zo ba, ranar za a fara tambaya. Sai na riƙa canja jirgin ƙasa na metro a tashar Mushairib, in sauka nesa da makaranta, in gyara ɗankwali, in shiga ina tsokanar kowa kamar da. Na gaji, gaskiya na gaji. Gida babu sarari, makaranta babu sarari, Najeriya kuma babu hanya.

Juma'ar ƙarshe kafin Kirsimeti muka yi rabo, tunda ita ce ranar hutu a ƙasar. Ina zuba abinci Mama ta tsaya a kaina.

"Sista, wannan shuɗiyar kular ki cika ta da kyau. Akwai yarinya a gidan, uban kuma yana zaune."

Na ce Allah sarki. Na danna cinyoyin kaza har murfi ya ƙi rufuwa, ina ta jin tausayinsu.

Da yamma yara na rera waƙoƙin Kirsimeti a zauren makaranta, mu iyaye muna baya muna raba lemo, sai ga wata Hajiya ta shigo da mayafinta, rungume da shuɗiyar kular nan. Bakanuwa ce, matar wani likita. Sunan makarantar da ke manne a jikin kular ne ya kawo ta.

"Salamu alaikum. Wace baiwar Allah ce ta aiko mana abincin Kirsimeti ta gudu? Rabona da irin shinkafar nan tun muna zaune a Jos. Na ce kwanon maƙwabci ai ba ya komawa haka nan."

Ta buɗe, sai ga dambun nama da alkaki sun cika ta fal. Mata suka hau dariya. Mama ce kaɗai ba ta yi ba.

"Hajiya, wane gida ne naku?"

"Mu'aither, mai bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Ba mu daɗe da tarewa ba. An ce waɗanda suka tashi ma 'yan gida ne, wata nas da mijinta."

Ni na dasa bishiyar nan. Dariya ta mutu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wato duk watannin nan da nake gyara ɗankwali sun san mijina yana zaune, abin da ba su sani ba kuma yanzu an faɗa musu a bainar jama'a. Kunya ta kama ni, haushi ya fi ta.

Mama ta yi wa Hajiya godiya, ta ba ta kujera, ta ja hannuna zuwa kicin.

"Sista, ina kuke yanzu?"

"Mama, wa ya ce muku ina roƙo? Na taɓa zuwa wurinku da kwano?"

"Ba ki taɓa ba. Ina kuke na ce."

Na jawo tukunyar da ban wanke ba ina kankarewa, na ce:

"Najma."

Ba ta ce Allah sarki ba, don da ta ce da na fashe. Kular kawai ta ɗora mini a hannu ta ce, "Taki ce tun safe."

Muka hau benen ni da 'yata, muna sunkuyar da kai ƙarƙashin shanyar leburori. Mijina na zaune bakin katifa. Ya buɗe kular, fuskarsa ta washe yadda ban gani ba tun da aikinsa ya tsaya.

"Kai, dambu! Wa kika yi wa alheri haka har ya rama miki?"

Na juya masa baya ina neman faranti, na ce ya ci kawai.