Daminar da Muka Yi Jinyar Motar Baba

A shekarar da sojoji suka sauka daga mulki ne wani bijimi ya murƙushe wa Baba ƙafa a mayankar Oko-Oba. Baba direba ne, yana da tsohuwar akori-kura fara da yake kai wa mahauta nama kasuwanni, kuma da ita gidanmu yake ci. Aka tafi da shi Yawuri wurin masu ɗori, Umma ta bi shi jinya. Ni da yayata Rabi aka bar mu a Agege hannun Kaka, mahaifiyar Baba. Motar kuwa aka bar ta a ƙofar gida, ga damina ta kawo kai.

Kaka tana gasa masara a bakin layinmu. Da an idar da magariba ciniki ya lafa, sai mu da yaran maƙwabta mu kewaye kaskon gawayinta, tana fifita wuta da guntun kwali tana ba mu tatsuniya. Har 'ya'yan Baba Lati, bakaniken Bayarabe da ke kusa da mu, sukan zauna, don Hausarsu ta fi Yarabancinmu.

Wata rana da yamma Kawu Sale, ƙanin Baba mai dakon albasa a kasuwar Mile 12, ya zo ya tsuguna gabanta.

"Inna, a sayar da motar nan tun tana da daraja. Ruwan Legas ba ya barin ƙarfe. Dubi danfon can."

Duk muka waiwaya. Danfon, wato bas ɗin haya irin na Legas, ya daɗe a yashe a ƙarshen layi, tsatsa ta huda shi, kaji na ƙwai a ciki.

"Na gan shi," in ji Kaka. "Ɗauki masara ka ci, Sale."

Bayan ya tafi ta juyo gare mu. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Cewa take, "Ga wata nan ta taso daga bakin kogi," mu kuma mu amsa, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Wai a wani gari na masunta aka yi shekarar da kogi ya ƙafe ƙaf. Kowa ya ja jirginsa kan tudu ya manta da shi. Wani masunci ya tafi nesa neman abinci, ya bar jirginsa da 'yarsa. Kullum safiya yarinyar sai ta kankare laka daga jikin jirgin, ta share shi, ta shafe shi da man kaɗanya, ta jawo masa inuwa. Mutanen gari suna ta dariya: "Jirgin da ba ruwa kike yi wa kwalliya?"

Sarkin Gara ya aiko 'yan leƙen asiri su nemo masa itacen da ba shi da mai shi. A nan Kaka takan matse hanci ta yi muryar gara: "Ranka ya daɗe, mun cinye jirgin Sarkin Ruwa, mun cinye na limami, mun bar musu ɓawo. Amma akwai ɗaya, duk inda muka sa baki sai mu ji ɗumin hannun mutum." Sarkin Gara ya ce, "Wannan da mai shi. Ku bar shi."

Rannan sai ruwa ya sauko daga gabas, ya cika kogi, ya haura cikin gari. Kowa ya ruga ga jirginsa, da ya taka sai ƙafa ta burma. Na yarinyar kaɗai ya tashi a kan ruwa. Ta yi ta jigila, tsofaffi da jarirai da awaki, har da masu yi mata dariya, ba ta bar ko mutum ɗaya ba.

"Tatsuniya ta koma kogi," in ji Kaka, ta rufe gawayi da toka. "Ƙawata," haka take kirana, "a garin nan garar ƙarfe ita ce tsatsa. Gobe ku nemo bokiti."

Washegari muka fara. Rabi na jan ruwa a rijiya, ni ina riƙe da soso da garin sabulu. Bayan motar ya fi ba mu wuya, don jini da kitse sun maƙale a kowane lungu, sai da muka haɗa da ruwan zafi da tsinke. Kaka na zaune a kujerarta 'yar tsuguno tana nuni da muciya: "Ƙarƙashin taya! Nan laka ke kwana." Ba ta yarda a bar ruwa ya bushe da kansa ba, sai an tsane shi da tsumma. Kashin tsuntsu kuwa ko yini ba ya yi a jikin fenti.

Mun yi kuskure ɗaya. Muka lulluɓe motar da tampol muka bar shi, sai ga jajayen ɗigo sun fito a gindin ƙofa. Na fashe da kuka, na ce garar ta shigo. Baba Lati ya zo ya duba, ya yi dariya. "Mama, tampol ɗin nan yana riƙe gumi. In rana ta fito a buɗe ta ta sha iska." Ya goge wurin da takardar yashi, ya ɗiga fenti, ya shafa mana baƙin mai a ƙasanta. Daga ranar yakan zo lokaci-lokaci ya tayar da injin, Kaka ta biya shi da masara mai zafi.

Mu ma an yi mana dariya. 'Yan okada na wucewa a kan baburansu suna cewa, "Amarya za a ɗauko?" Rabi ta so ta daina. Ni kuwa tatsuniyar ta shige ni, in na ɗora tafin hannu a kan bonet sai in daɗe ban ɗauke ba, don tsatsa ta ji ɗumi.

Damina ta wuce kafin Baba ya dawo, ya rame, yana dogara sanda. Bai shiga gida ba. Ya zagaya motar a hankali, ya lallaɓa ya durƙusa da ƙafar mai lafiya, ya leƙa ƙarƙashi, ya sa farce ya kankara. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe idonsa ya yi ja.

"Inna, wa ya yi wannan?"

"Ma'aikatana," in ji Kaka. "Kuma ba a biya su ba."

Murɗawa ɗaya injin ya amsa. Baba ya ce duk yaron da ke layin ya hau. Muka cika bayan motar maƙil, Kaka a gaba ta gyara ɗaurin kallabi, muka tafi har Iyana Ipaja muna ihu, Baba na danna oda ba dalili. Kawu Sale, da shi ma ya ɗare bayan motar, shi ne ya fi kowa ihu. Kafin mako ya zagayo mahauta sun dawo masa da aikinsu, kuma motar nan ce ta kai ni da Rabi har ƙarshen karatunmu.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin bai wuce na tsafta ba: abin da ka kula da shi zai yi maka rana. Sai bayan rasuwar Kaka Umma ta gaya mini sauran. Ashe ranar da Kawu Sale ya zo da maganar sayarwa, saƙo ya kawo daga Yawuri, ya faɗa mata a ɓoye, cewa ƙafar Baba ta kumbura, ana shawarar yankewa. Kaka ta ji, ta haɗiye, ta zauna ta ba mu tatsuniya.

Na tambayi Umma, to da an yanke fa?

Ta ce, "Ni ma na tambaye ta. Cewa ta yi da sai ta sa an koya wa Rabi tuƙi."