Muryata a Kaset ɗin Mahaifiyar Maƙwabciyata

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, na zauna a wani ɗan flat a Cheetham Hill. Ƙofata tana kallon ta wata dattijuwa 'yar Pakistan. Mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuma tana aure a Birmingham. Anti nake ce mata, ita kuma ta ce min 'yata. A da kullum tana wata cibiya da tsofaffi ke taruwa su sha shayi, sai council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe wurin, wai babu kuɗi. Tun daga nan, in na dawo daga jami'a sai in tarar ta bar ƙofarta a buɗe tana jiran ta ji tafiyata. Da Turanci muke hira, nata a karye, nawa kuma Kano ta riga ta taka shi.

Wata Asabar bayan azahar ta fito da gwangwanin biskit, ta ciro wani kaset a naɗe cikin farin mayafi. Ta ce muryar mahaifiyarta ce a ciki.

Da aka kawo ta Ingila tana amarya, babu waya a ƙauyensu, mahaifiyar kuma ba ta iya rubutu ba. Sai tsohuwa ta zauna gaban rediyo mai kaset ta yi ta zuba, wa ya haihu, wa ya rasu, yadda damina ta yi, har kaset ya cika, a ba duk wanda zai taho. Ita kuma Anti ta yi ta saurare har ta haddace, sannan ta ɗauki amsarta a kan wannan kaset ɗin dai, ta mayar. Haka suka yi shekara da shekaru, kowa na goge muryar ɗan'uwansa. Wannan saƙon ne kaɗai ya tsira, don kafin ta amsa aka aiko mata da labarin rasuwa.

"Zaren ya fara laushi," in ji ta. "Ina tsoron ranar da zai tsinke. An ce ana iya sa shi a waya?"

Ni kuwa uwar iya, na buga ƙirji. Na ce haba Anti, mu da muka tashi muna juya kaset da biro? Na jawo tsohon rediyonta, na sa kaset, na ajiye wayata kusa da lasifika. Muryar tsohuwa ta fito a yarensu, a hankali, ga carar zakara can baya. Anti ta lumshe ido, leɓɓanta na bin kowace kalma.

Can sai rediyon ya cije. Rubutun maɓallan duk ya goge, ni kuma na hau danne-danne da yatsu biyu. Na ga zare na juyawa amma babu sauti, na ce da ƙarfi, "Kai, wannan abu ya ƙi! Anti, wait, wait." Sai da na ga 'yar jar fitila na ci sannan na gane ɗauka yake yi. Ɗan haƙorin nan da ake ɓallewa a bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kai, su ba sa ɓalle shi, tunda amsa ake jira a kansa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi.

Muka mayar baya. Tsohuwa na cikin magana sai ga muryata ɓaro-ɓaro tana faɗa da rediyo, sannan tsohuwa ta ci gaba. Innalillahi! Na fashe da kuka kamar ni aka yi wa rashi. Anti ta ɗora hannu a kan bakinta. Sannan ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta.

"Share hawayenki. Tari ne kawai a wurin. Tsohuwa ce, tari take yi."

"Da gaske, Anti?"

"Zan yi miki ƙarya ne? Tashi ki gama aikinki, shayi na hucewa."

Na gama, na tura wa 'yarta. Na ƙara shekara biyu a gidan, ko sau ɗaya ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai in na taɓa remote ɗinta ta ce, "Injiniya, a hankali."

Bayan na koma Birmingham da aiki ita ma 'yarta ta ɗauko ta, don ƙafa ta ƙi. A can Allah ya yi mata rasuwa. Na je ta'aziyya, muna kicin da 'yar muna wanke kofuna, na ce har yau ina jin kunyar abin da na yi, Allah dai ya taimake ni tari na goge. Ta tsaya da kofi a hannu, ta dube ni.

"Haka ta ce miki?"

Ashe a daidai wurin ne kakarta ta kira Anti da sunan da take kiranta tun tana goye, ta yi dariya. A duk kaset ɗin nan ne kaɗai ta yi dariya. 'Yar ta ce tun tana yarinya wurin mahaifiyarta ke mayarwa tana sake ji, shi ya sa zaren ya yi laushi a nan har rediyo ya cije.

Yanzu in wani ya yi min ɓarna, ko ɗalibaina ko 'ya'yana, bakina kan buɗe da faɗa sai in tuna ta. Ni abin da ke ci min rai shi ne ban taɓa ba ta haƙuri a kan ainihin abin da na ɓata mata ba, don ba ta bari na san shi ba. Allah ya jiƙan Anti. Abu mafi tsada da ta mallaka na goge mata, ita kuma damuwarta a ranar kada 'yar mutane ta koma ɗaki tana kuka.