Man Habbatus Sauda a Bakin Taga

Yayata ta fara tari a shekararmu ta goma sha ɗaya a Jidda. Umra muka zo, ba mu koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya mana. Ni ina aikatau a gidan wasu Larabawa, ita tana suyar ƙosai a ƙofar gidanmu a Sa'alaba, har ƙirjinta ya hana ta zama kusa da wuta.

Asibiti ba namu ba ne. Marar takarda in ya shiga, bai san ta wace ƙofa zai fito ba. Kantin magani muka yi ta zuwa, a ba mu na ruwa, a ba mu ƙwaya. Tarin ya lafa kwana biyu ya dawo.

Ana haka 'yarta ta haihu a can gida Najeriya, mace. Yaya ta kalli hoton a waya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Gida zan tafi."

Hanyar irinmu ɗaya ce. Ka kai kanka tarhil, inda ake tara marasa takarda, ka jira ranar da za a sa ka a jirgi. Jiran yana iya yin tsawo, ga cunkoso, ga layi. Wadda ba ta iya kaiwa banɗaki sai da dafa bango ba za ta iya ba. Na gaya mata haka, ban ɓoye ba.

Ta ce, "To ki tayar da ni. Ƙafa kawai nake so, wadda za ta kai ni jirgi. Sauran na Allah ne."

Akwai wani tsoho a Hindawiyya mai shagon turare da magunguna. Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa ne ya zo Hajji a ƙasa. Da injinsa yake tatsar man habbatus sauda a gaban mai saye. Na je wurinsa ranar Juma'a da hantsi, na gaya masa irin tarin da Yaya take yi. Ya tatsa, ya zuba a wata kwalba mai duhu, ya toshe bakin da kyau, ya naɗe ta a jarida.

Ya ce, "Ya binti, ki ji ni. Wannan mai yana da maƙiya uku: rana, zafi, iska. Kada ki sauya masa kwalba. Ki sa shi a tallaja, firij ɗinku, can ƙasa inda ake sa tumatir. Kin zuba a cokali, ki rufe nan take. Fahimti?"

Na ce, "Na ji, Baba."

"Kin ji ko kin gyaɗa kai? Ku mutanen Najeriya kun iya gyaɗa kai."

"Ku kuma 'yan nan kun iya surutu. Ba ni in tafi."

Ya yi dariya, ya ce, "Yalla, Allah ya ba da lafiya."

Na ji duk abin da ya faɗa. Ba zan ce ban ji ba. Gani na yi na fi shi sani.

Kwalbar ce ba ta yi mini ba. Baƙa, ƙarama, ba rubutu, irin wadda in askar, ɗan sandan nan, ya gan ta a jakarka sai ka yi bayani. Kuma ina da wata gorar roba fara da aka kawo mana zamzam a ciki daga Makka. Ruwan ya ƙare, gorar muka ƙi yarwa. Na ce a raina, mai albarka cikin mai albarka. Na juye man a ciki ko shanya ta ban yi ba, don kada ɗigon zamzam ɗin da ya rage ya tafi a banza. Murfin yana da 'yar tsaga. Na gani, na ce ba komai.

Tallajar gidan kuwa ta mu bakwai ce. Ka ajiye nono da safe, ka dawo ka tarar da rabi. Ga shi Yaya tana cewa abu mai sanyi yana kama mata ƙirji. A garinmu kakarmu rana take sa man kaɗanya ya narke kafin ta shafa mana, tana cewa rana ce ke tayar da ƙarfin magani. Sai na ɗora gorar a bakin tagar ɗakinmu, daidai kan Yaya, inda hannunta zai kai. Tagar yamma take kallo. Daga azahar zuwa magariba rana a kanta take. Wanda ya san zafin Jidda ya san ko ƙarfen taga ba ya taɓuwa a lokacin.

Kullum da safe kafin in fita, cokali ɗaya. Ta haɗiye, ta runtse ido.

Na ce, "Da ɗaci?"

Ta ce, "Magani ne, ba alewa ba. Tafi aikinki, kada Madam ta ci namanki."

Sati biyun farko kamar da sauƙi. Ta fito tsakar gida da ƙafarta, har ta yi wa maƙwabciyarmu tsiya kan yadda take ƙona ƙosai. Ta sa na sayo mata jaka. Ta sa rigunan jariri guda uku a ciki, da dabino, da ɗan turare.

Daga nan ta fara komawa baya. Bayan cokalin sai ta riƙe ciki. Wani lokaci ta yi amai. Abinci ya fita ranta. Na ga man ya yi kauri, launinsa ya dushe, na ce rana ce ta dafa shi. Na ƙara mata ya zama cokali biyu.

Wata safiya ta riƙe hannuna kafin cokalin ya kai bakinta. Ta ce, "Auta, man nan..." Ta kalli tafin hannuna da ruwan wanki ya cinye. Ta ce, "Kawo." Ta shanye.

Ban tambaye ta me za ta ce ba. Mota na jirana.

Ta rasu ranar Talata bayan la'asar, ina gidan aiki ina goge tayil. Maƙwabciya ce ta kira ni. Mazan unguwa suka yi abin da ake yi, aka sha wahalar takarda, aka binne ta a nan. Mata ba sa zuwa maƙabarta. Kabarin nan ba a sa masa alama. Ko yau aka ce in nuna inda take, ban sani ba.

Bayan kwana uku ina share ɗakin na ɗauko gorar. Saura kaɗan a gindi. Ban taɓa ɗanɗanawa ba, ko sau ɗaya, don ina ganin nata ne, kada in rage mata. Na zuba a cokalinta na kai baki.

Wari irin na tsohon fenti. Ya kama mini maƙogwaro kamar an zuba kananzir. Na fita da gudu na amayar a bakin kwata. Wannan ta yi wata biyu tana haɗiya daga hannuna.

Na kai wa tsohon gorar, na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya shinshina, ya kawar da fuska.

"La haula. Ina kwalbar da na ba ki?"

"Na yar."

"A ina kika ajiye wannan?"

"Taga."

Ya rufe gorar. Ya ce, "Mai jinyar fa?"

"Ta rasu. Baba, kada ka lallashe ni. Shi ya kashe ta?"

Ya ce, "Wallahi ya binti, ni ba likita ba ne. Lalataccen mai yana ɓata ciki, yana hana cin abinci. Amfani kuwa babu, khalas, ya mutu tun satin farko ko na biyu. Amma tarin da kika faɗa mini, ko sabon mai ban ce zai tayar da ita ba. Wannan na asibiti ne."

"Da ta ci abinci, da ta kai jirgi?"

"Allahu a'alam."

"Wannan na sani. Kai nake tambaya."

Ya ce, "Ban sani ba."

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Na bar masa gorar.

Tun daga nan idona yana kan tagogin mutane. In ina tafiya a lungunan Ammariyya ko nan Sa'alaba, sai in ga gorar roba a rana, man zaitun, man ridi, man habba. Sau ɗaya na ƙwanƙwasa ƙofar da ban sani ba. Wata mata ta leƙo, 'yar Nijar ce. Na ce, "Baiwar Allah, man can na taga, wa ke sha?" Ta ce mijinta. Na ce, "Sauke shi. Shinshina. In yana warin fenti zubar. In kin sayi wani, bar shi a kwalbarsa mai duhu, ki sa a tallaja, ki riƙa ɗanɗanawa da bakinki kafin ki ba shi." Ta kalle ni kamar mahaukaciya, ta rufe ƙofa. Da na biyo washegari gorar ba ta nan.

Lokacin da aka yi fenti a gidan aikina, kwana huɗu ban iya cin abinci ba. Madam ta ce ko ciki gare ni. Na ce tsufa ne.

Jakar Yaya na ba wata da aka kora ta kai gida. Rigunan sun yi wa yarinyar kaɗan kafin su isa. Sunan Yaya aka sa mata, yanzu har tana gudu, tana magana. Uwarta takan kira ni ranar Juma'a ta juyo mini fuskarta a waya.

Kwanaki ta ce, "Inna, ban taɓa tambayarki ba. Umma ta samu magani kuwa a ƙarshen nan? Ko haka ta yi ta fama?"

Na ce, "Ta samu. Kullum da hannuna nake ba ta."

Ta ce, "Allah ya saka miki da Aljanna, Inna. Da ba ke, ban san yadda za ta yi ba."

Ban ce amin ba. Na ce mata kati zai ƙare, na kashe wayar.